Hotona a Bakin Famfo

Labbo ya cuce ni, kuma da hannuna ya cuce ni. Ya sa na yaudari garinmu, na yaudari hukuma, na cuci ɗiyata tun tana cikin uwarta, sannan aka ɗauki hotona ina dariya aka rataye a bangon ofis, duk wanda ya je kai kuka a nuna masa fuskata. Ni ba malami ba ne, aji huɗu na yi aka mayar da ni gona, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri da ni. Na dai gaji da riƙe maganar a ciki.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Anka da Bukkuyum. Ba zan faɗi sunansa ba, kunyar da mutanensa suka ji ta ishe su. Lokacin da nake yaro rijiya ɗaya gare mu, a gabas da masallaci, kuma ita ke tada gari. Ana idar da sallar asuba za ka ji guga ta faɗa ruwa can ƙasa, sai kukan igiya tana gogar itace, sai tarin tsofaffi da gardamar 'yan mata a kan wadda ta riga zuwa. Itatuwan kirya huɗu aka gitta a bakinta, igiya ta ci su shekara da shekaru har ta yi musu zane kamar tsagen fuskar kakanninmu. Inna takan tashe ni da ƙafa, ba da baki ba, ta ce randuna uku na jirana, jaki kuma bai sha ba. Tafin hannuna har yau yana da kantar igiyar nan. Da rana ta take sai Fulani su iso da shanu, su cika komin shayar da dabbobi suna fito, in sun tashi su bar wa matan gari nono a ƙwarya, babu ciniki. A bakin rijiyar nan na san Labbo. Sa'ana ne, shekara ɗaya aka yi mana kaciya, rumfa ɗaya muka yi jinya. Tun a lokacin bai taɓa jan guga har sama ba. Zai fara ba da labari, ya miƙa maka igiyar ya ce riƙe mani kaɗan, kafin labarin ya ƙare ka cika masa tulu, kuma kai ne za ka yi masa godiya don daɗin hira. Muna yi masa dariya a kan haka. Ban san zan girma in sake riƙe masa igiya ba.

Babana shi ke yasar rijiyar. Kowace shekara idan bazara ta yi tsanani ruwa ya ja baya, sai a ɗaura masa igiya a ƙugu, majiya ƙarfi shida su riƙe, a zura shi. Mu yara mu kwanta rub da ciki muna leƙe, ba ma ganin komai sai jin muryarsa tana fitowa kamar daga cikin tulu. A yi ta fito da laka, da fasassun ƙore, da gugunan da suka tsinke tun bara, mata suna rigima kowace na cewa tata ce. In ya fito jikinsa duk baƙar laka, idanu kawai ake gani, Inna ta tsaya da ruwan zafi tana faɗa, wai wata rana a can za a bar shi. Yakan ce shi kaɗai ne a garin ya san abin da muke sha, don shi ke ganin gindinsa. Ba mai yawan magana ba ne. Bai yi boko ba, bai san sunan ko ofis ɗaya ba.

Wata shekara gefen rijiyar ya rufta. Ruwan ya koma ja, mai kauri, sai an tace shi da tsumma. Mutane suka koma tafki, kurkunu ya kama rabin gari. Ana cikin haka aka aiko cewa wani ma'aikacin hukuma zai zo rangadi. Mai gari ya sa aka share ko'ina, ya ce masu kurkunu su zauna cikin gida kada su fito suna ɗingishi gaban baƙo, ya kuma aika ƙauyen da ke gaba da mu aka ɗebo ruwa mai kyau a sabon tulu aka ajiye a inuwa ya yi sanyi. Ba mugunta ba ce. Haka muka tashi muka tarar: baƙo ruwa ake fara ba shi, kuma ba a nuna masa rashi. Ko tukunyarka babu komai, ka ɗora ta a wuta ya ga hayaƙi. Baƙon ya zo, ya zauna a kan buzu a ƙofar mai gari. Kafin a kawo sabon tulun sai ga Baba da moɗarsa ta duma, ya ɗebo daga rijiyar, ya durƙusa ya miƙa. Mutumin ya leƙa ciki, ya ɗago ya tambaya mene ne wannan.

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ruwan garin ga ne. Shi muke sha, mu da ɗiyanmu."

Ina tsaye a bayan Baba riƙe da hularsa. Mutumin ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tashi ya ce a kai shi rijiyar, ya leƙa da kansa. Mai gari bai sake amsa gaisuwar Baba ba sai bayan kaka. Inna ta yi kuka ta ce ya tona mana asiri gaban baƙo. Amma kafin ruwan sama ya sauka mota ta zo da siminti da magina, aka ɗaure rijiyar tun daga ƙasa har sama. Na ga wannan da idona. Ina faɗa ne don kada wani ya ce mini ai jahilci ne ya sa na yi abin da na yi daga baya. An nuna mini hanya tun ina riƙe hula.

A wancan zamani ma'aikaci yakan iso da ƙura har gira, ya kwana a gari, sauro ya cije shi kamar kowa. Na yanzu gilashin motarsu baƙi ne, da ruwansu na roba suke zuwa, kuma mai ɗaukar hoto ke fara sauka. Amma ba zan ɗora musu duka ba. Mu ma mun canja. Da can idan an ɓoye rashi, akan samu mutum ɗaya da zai fito da moɗa. Yanzu kowa ya iya tafi.

Sai zinari ya zo. Baba ya riga ya rasu, Allah ya ji ƙansa, bai ga wannan ba. Baƙi suka cika gari daga ko'ina, injin niƙan dutse ya shiga har cikin gidaje, ƙararsa ta danne kukan guga, ta danne har kiran salla. Ni ban shiga rami ba, amma ina da shanu biyu da amalanke, na yi dakon dutsen, ba zan ɓoye ba. A bakin tafki ake wankewa, wasu har a gindin rijiya. Daga nan yara suka fara jijjiga. Yaro yana wasa da safe, da yamma ya sanƙare. Mun haƙa ƙananan kaburbura har muka daina kallon juna a maƙabarta. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce daga dutsen. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka rufe rijiyar Baba da murfin siminti, aka ce kada a kuskura a ba yaro ruwan tafki. Hukuma ta sa motar tanka tana kawo mana ruwa Litinin da Alhamis. Ba ya isa, ana faɗa a layi, amma tana zuwa. Aka kuma yi mana alkawarin rijiyar burtsatse.

A lokacin Labbo ya zama kansila. An daina ce masa Labbo, sai Onorabul. Aikin ta hannunsa ya biyo. Motar haƙa ta zo ta yi kwana uku tana ruri ta tafi. Aka kafa ƙarafa, aka ɗora baƙin tanki a sama, aka gina ɗan bango da kan famfo huɗu aka shafa masa fenti. Ruwa ne kawai babu. Wasu sun ce ba a kai ga ruwa ba aka tsaya, wasu sun ce injin turawa ne ba a taɓa saya ba. Har yau ban san gaskiyar ba, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba.

Abin da na gani shi ne wata Talata bayan la'asar Labbo ya yi sallama a ƙofar gidana, shi kaɗai, babu 'yan rakiya. Ya cire takalmi ya zauna a kan tabarmata mai yagaggen baki. Ya kira ni da sunan da aka laƙaba mini a rumfar kaciya, wanda na yi shekara talatin ban ji a bakin kowa ba. Ya tambayi lafiyar Inna, ya tuno mini ranar da jakinmu ya kayar da mu a cikin ƙaya. Sannan ya ce manya za su zo jibi daga birni su buɗe famfo. Ya ce inji yana hanya, mako biyu ya rage, amma idan manyan nan suka murɗa famfo suka ji iska za su soke sunan garinmu su kai aikin wani wuri, shi kuma ɗan gari a kunyata shi gaban duniya.

Ya dafa gwiwata ya ce, "Kai ɗai ka da shanu da duro a garin ga. Ka cika mani tankin ga na yini guda. Ka ruhe mani asiri, ka ruhe ma gari asiri."

Bai ba ni komai ba. Ina so a san wannan. Da ya ba ni wani abu da na ce yunwa ce ta sa ni. Na yi ne don babban mutum ya zauna a tabarmata ya kira ni da sunan yarinta.

Ranar Laraba tun da hantsi na ɗaura shanu na nufi gulbi. Rani ne, sai an tona yashi ruwa ke tsattsafowa. In cika duro biyu, in koro shanu tafiya mai nisa, in kafa tsani, in riƙa hawa da bokiti ɗaya ɗaya ina juyewa a tanki, in sauka in koma. Ba a ɓoye na yi ba, rana tsaka ce, gari duk yana kallo. Liman ya wuce ya ce sannu da aiki. Mai gari na yanzu, jikan wancan, ya aiko mini da fura. Matata Hajara, tana da tsohon ciki a lokacin, ita kaɗai ta yi mini tambaya. Da na shigo shan ruwa ta ce, to gata wa zai cika shi? Na ce ta kula da tukunyarta. Kuma a kan tsanin nan, bokiti a kaina, na tuna Baba da moɗarsa. Ba daga baya na tuna ba, a lokacin ne. Na ce wa raina zamani ya canja, mako biyu ne kawai, na ci gaba da hawa.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa, makaɗa suka zo. Labbo ya ara mini farar riga ya tsayar da ni a gaba. Babban baƙo ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi, mata suka rangaɗa guɗa daga bayan darni, su da suka ga shanuna suna kai da kawowa jiya. Baƙon bai sha ba. Ya ce a samu ɗan gari ya fara. Labbo ya turo ni. Na tara hannu biyu na sha, ruwa na zuba a gemuna, na ɗago ina dariya, aka ɗauka. Gaskiya ita ce na ji daɗi a ranar. Ban taɓa tsayawa a gaban taro an tafa mini ba.

Kafin a sauko daga Juma'a tankin ya ƙafe. Ranar Litinin mata suka jera jarkoki a bakin hanya tun safe suna jiran motar tanka. Ba ta zo ba. Alhamis ma ba ta zo ba. Da aka bincika sai aka ce an cire mu daga jerin garuruwan da ake kai wa ruwa, tunda mun samu famfo.

Mako biyu suka zama wata biyu. Labbo ya koma birni da zama, wayarsa ta daina shiga. Da farko ina ɗebo wa gidana da maƙwabta daga gulbi, amma shekarar da ta biyo baya ɓarayin daji suka kore shanuna, hanyar gulbin kuma ta zama wadda mutum ba ya bi ya tabbata zai dawo. Gari ya koma tafki. A tace da tsumma, a jefa alif ya kwanta, a yi bisimilla a sha. Hajara ta haifi mace, na sa mata sunan Inna, muna kiranta Uwani. Da ruwan nan aka dama mata koko ranar da aka yaye ta. Tana da shekara biyu, ta fara haɗa magana, tana bin kaji tana ce musu su tsaya, sai jijjiga ta kama ta wata safiya a gindin turmi. Na ɗauke ta a babur ɗin maƙwabcina zuwa asibiti. Likitoci sun yi ƙoƙari, ta rayu. Na tambayi ɗayansu ko ruwan ne. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, zai yiwu ruwa, zai yiwu ƙasar da take wasa a kai. Na gode masa da ya so ya sauƙaƙa mini. Yau Uwani ta isa shiga makaranta, amma sai an ba ta abinci a baki, kuma kalma ɗaya ta rage mata. Duk namijin da ta gani, Baba take ce masa. Hajara ba ta taɓa maimaita mini tambayar nan tata ba. Da ta maimaita da ya fi mini sauƙi.

Mun taɓa kai kuka. Malamin firamare ya rubuta mana takarda, mu biyar muka shiga mota muka je ofishin da aka ce shi ke kula da ruwa. Muka yi zaman benci har azahar. Jami'in da ya karɓe mu yaro ne matashi, mai ladabi, har kujera ya ba mu. Ya karanta takardar, ya jawo fayil, ya ce a rubuce garinmu yana da rijiyar burtsatse mai aiki, an buɗe ta, an rufe maganar. Muka ce babu ruwa. Sai ya tsaya yana kallona, ya juya ya kalli bango. Kalanda ce rataye, ga ni a tsakiyarta cikin farar rigar aro, hannu cike da ruwa, haƙora a waje.

Ya ce, "Malam, wannan ba kai ba ne?"

Na ce ni ne, amma ruwan gulbi ne, ni na zuba shi da bokiti. Ya ajiye biro. Ya ce in haka ne to an yaudari hukuma ke nan, dole ya rubuta sunana da bayanina, kuma takardar ba a teburinsa za ta tsaya ba, za ta iya kaiwa ga 'yan sanda. Ya tambaye ni a hankali ko ina so ya rubuta. Ƙanen mai gari da ke gefena ya taka mini ƙafa. Na tuna gonata da ba a yi wa noma ba, na tuna ɗakin da ake kulle mutane. Na ce a bar shi.

Wannan ɓarna ta biyu ta fi ta farko ci mini rai. A ta farko ina iya cewa an ruɗe ni da daɗin baki. A ta biyu Uwani tana goye a bayan uwarta, wuyanta ba ya tsayawa, kuma na sani. Baba ya fuskanci fushin mai gari da hawayen Inna a kan ruwan da bai ɓata ba. Ni an ce in faɗi sunana kawai a kan ruwan da na zuba da hannuna, na kasa. Muka dawo gida a mota ɗaya, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake tada maganar famfo a garin. Zanzaro ya yi gini a bakin famfunan. Awaki ke kwana a inuwar tankin.

Bana da zaɓe ya matso sai ga Labbo ya dawo, yana neman kujerar da ta fi ta da. Yaransa suka riga shi isowa suka liƙa takardu a bangon masallaci da jikin bishiyoyi. A ƙasan babban hotonsa an jera ayyukan da ya yi, ga ni nan a kusurwa ina dariya. Kuma don rashin ta ido, a gindin tankin nan suka kafa rumfar. Na tsaya na daɗe ina kallon takardar. Daga nan na shiga ɗakin Inna na sauko da moɗar Baba daga inda take rataye, ta tsage a gefe an ɗinke ta. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma ta ji motsin. Ta tambaya ina zan kai ta. Na ce baƙo aka yi. Ta ce in riƙe ta da kyau.

Na je tafki na ɗebo, ban tace ba, ban jefa alif ba. Na kamo hannun Uwani muka nufi rumfar. 'Yan rakiyarsa sun tare hanya, amma da suka ga moɗa suka buɗe, don har yanzu a ƙasarmu ba a tare wanda ya kawo wa baƙo ruwa. Labbo ya yi ƙiba, ya yi fari. Ya gan ni ya washe baki, ya kira ni da sunan nan na rumfar kaciya don mutane su ji shi na gida ne. Ya karɓi moɗar da hannu biyu, ya leƙa ciki, dariyar ta tsaya. Uwani ta kama bakin babbar rigarsa tana ja, ta ɗaga kai ta ce masa Baba.

Bai sha ba. Ban kuma san ko maganata za ta kawo ruwa garin nan ba, ƙila ni za ta kai inda nake tsoro. Liman yana wurin, mai gari yana wurin, duk waɗanda suka ce mini sannu da aiki suna wurin. Ban durƙusa ba. Na ɗaga murya yadda na bayan darni za su ji, na ce:

"Labbo, ruwan garin ga ne. Shi munka sha tun randa kac ce mako biyu. Wagga da ta riƙe maka riga ɗiyata ce, da shi anka yaye ta. Ni na cika tankin ga da bokiti, kai kas sa ni, kowa nan wurin ya gani. Gobe in Allah ya kai mu zan koma ohishin nan in ce ma yaron ya ɗauki bironai ya rubuta. Sunana za a hwara sawa, naka na bi mai. In ƙarya nike, ga hwamho nan bayanka, tashi ka murɗa. In ba ka iyawa, to sha wanda ke hannunka."